Gidan Magoffin da Sorayen Kakanninmu

A can ƙuryar yammacin jihar Teksas ta Amurka, inda kogin Rio Grande ya raba ƙasar da Meksiko, nan birnin El Paso yake. Tsallaken kogin kuma Ciudad Juárez ce, kusa da kusa, har wanda ke wannan gaɓa yana hango masu kai-komo a waccan. Da can yanki ɗaya ne, mutanensa ɗaya, kafin yarjejeniyar 1848 da ta kawo ƙarshen yaƙin ƙasashen biyu ta mai da kogin iyaka. Wanda ya san Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da hanyar Maraɗi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Dangi a nan, dangi a can, kuɗi iri biyu a aljihu ɗaya, jami'an kwastan a tsakani, kuma ciniki ba ya tsayawa.

Gabas kaɗan da tsakiyar birnin, ba nisa da iyakar, akwai wani gidan ƙasa mai ɗaki 19 da aka fara ginawa a 1875. Gidan Magoffin ake ce masa, da sunan iyalin da suka gina shi suka zauna a ciki fiye da shekara ɗari. Yau hukumar kula da tarihi ta jihar Teksas ce ke riƙe da shi, kuma kowa na iya zuwa ya biya ɗan abin da aka yanka, a zaga da shi ɗaki-ɗaki.

Daga waje ba za ka ce ginin ƙasa ba ne. An shafe bangon da farar ƙasa irin wadda ake samu daga ƙonannen dutse, sannan aka bi shafen da zane, layi a kwance layi a tsaye, don ya yi kama da ginin sassaƙaƙƙen dutse. Tagogi da ƙofofi kuma an yi musu ado da katako irin na gidajen gabashin Amurka. Ashe tun wancan zamani mai kuɗi yana ɗan jin nauyin a ce gidansa na laka ne. Wannan hali mun san shi sarai a wurinmu. Bambancin kawai, abin da suka rufe ƙasar da shi bai cuce ta ba, kuma zan komo kan wannan.

Sai ka shiga ciki ƙasar take bayyana kanta. Tsaya a bakin taga ka duba kaurin bangon: ya haura ƙafa biyu, har gindin tagar ya zama wurin da yaro zai hau ya zauna ya miƙe ƙafa. Ɗora tafin hannunka a kai da tsakar rana, lokacin da kwalta ke tiriri a waje, za ka ji shi da sanyi. El Paso hamada ce, zafin bazararta kan kusanci digiri 40. Bango mai kauri irin wannan yakan sha zafin rana sannu a hankali, kafin zafin ya ratso ciki dare ya yi, iskar hamada ta huce, sai bangon ya riƙa sakin ɗumin lokacin da ake bukatarsa. Wanda ya taɓa kwana a soron kakarsa a watan Afrilu, washegari ya koma ɗakin bulo mai rufin kwano, ya san wannan ilimi a jikinsa ko da bai taɓa karanta shi ba. Ginin ɓangare uku ne da aka yi bi da bi, suka kewaye tsakar gida ta gefe uku. Ɗakunan kuma cike suke da kayan iyalin na ainihi: gadaje, kujeru, hotuna, littattafai, kwanukan cin abinci. Ba daga kasuwar tsofaffin kaya aka sayo su aka jera ba.

Tarihin iyalin, tarihin fatauci ne. Uban gidan na farko, James Wiley Magoffin, mutumin Kentaki ne da ya shiga harkar ayari tsakanin Amurka da arewacin Meksiko, yana bin hanyar Santa Fe zuwa Chihuahua da kekunan shanu da alfadarai. Madugu ne sosai. Ya zauna a Meksiko, ya iya Sifaniyanci, ya auri 'yar ƙasar, María Gertrudis Valdez, har mutanen can suna kiransa Don Santiago. A 1849 ya kafa zango a gaɓar arewa ta kogin, wurin da aka riƙa kira Magoffinsville, ɗaya daga cikin ƙauyukan da suka haɗu suka zama El Paso. Ɗansa Joseph, wanda aka haifa a Chihuahua a 1837, shi ne ya gina gidan da muke magana a kai tare da matarsa Octavia. Joseph ya yi magajin gari sau huɗu, ya yi alƙalin gunduma, ya riƙe ofishin kwastan, yana kuma cikin waɗanda suka kafa banki a garin a shekarar da jirgin ƙasa ya iso, wato 1881. Jirgin nan shi ya mai da ƙauyen laka babban birni, shi kuma ya kawo jan bulo da katako da suka sa aka fara raina ginin ƙasa.

Tarihin nasu ba fari fat ba ne. A yaƙin basasar Amurka uban da ɗan sun goyi bayan 'yan Kudu, ɓangaren da ya yi yaƙi don a ci gaba da bautar da baƙaƙen fata, kuma bayan an ci su da yaƙi sai da iyalin suka yi fafutukar karɓo dukiyarsu da aka ƙwace. Gida irin wannan yana da amfani ne idan an faɗi wannan ma, ba a tsaya ga yabon mai gida ba.

Joseph ya rasu a 1923. 'Yarsa Josephine, wadda ta auri hafsan soja William Glasgow, ta zauna a gidan da iyalinta. Birni ya yi ta girma, gonakin 'ya'yan itace da suka kewaye gidan aka yanka su filaye, maƙwabtan gidajen ƙasa suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. A 1971 aka sa gidan cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa. A 1976 kuma aka yi abin da, a ganina, shi ne zuciyar labarin duka: birnin El Paso da jihar Teksas suka haɗa kuɗi suka sayi gidan, bisa sharaɗin cewa jikar Joseph, Octavia Glasgow, za ta ci gaba da zama a ɓangarenta har ƙarshen rayuwarta. Haka kuwa aka yi. Ta zauna shekara goma bayan cinikin, ta rasu a 1986.

A duba hikimar da ke cikin wannan shiri. Ba a fitar da tsohuwa daga ɗakinta don a yi gidan kallo ba. Ba a kuma jira ta rasu ba, a zo ana neman magada a garuruwa daban-daban, kowa da bukatarsa, kaya sun watse. An yi magana tun tana raye, tana da hankalinta, tana iya nuna wa ma'aikata cewa wannan kujera ta wance ce, wancan ɗaki a nan aka haifi wane. Magada sun sami haƙƙinsu a kuɗi, gari ya sami gidansa, gidan kuma bai yi kwana ɗaya ba mai kula da shi ba. Ginin ƙasa ba ya jure zama kango. Damina biyu ko uku ba a duba indararo ba, ba a toshe tsaga ba, sai ka ji an ce soro ya zauna.

To, mu waiwayo gida. Yaya babban gida yake ƙarewa a Kano, ko Katsina, ko Zariya, ko Damagaram? Ba kasafai ruwan sama ke fara kashe shi ba. Mai gida ya rasu ya bar 'ya'ya ashirin daga ɗaki huɗu. An yi sadakar uku, an yi ta arba'in, sai maganar gado ta taso. Gidan ba ya rabuwa ashirin, don haka ko dai a ja katanga a tsakar gida a datsa shi gunduwa-gunduwa, ko a yi masa kuɗi a sayar. Yaya babba ya ce, "Ni dai da za ku ji tawa, da an bar gidan Baba yadda yake." Ƙanwarsa da ke fama da kuɗin makarantar marayu ta ce, "Yaya, gaskiya ne, amma ni rabona nake bukata." Kuma tana da gaskiya, haƙƙinta ne da Allah ya ba ta. Wanda ya saya kuwa fili ya saya, ba gini ba. Kafin wata uku katafila ta shiga, zaure mai daurin guga da aka yi shekara ɗari ana gaisawa a cikinsa ya zama tarin ƙasa, a wurinsa a tayar da jerin shaguna. Babu mugu a cikin labarin nan, shi ya sa yake da ciwo. Kowa ya yi abin da ya halatta, gida kuma ya tafi.

Abin da El Paso ta yi ba baƙo ba ne ga shari'armu. Muna da waƙafi, wanda malamanmu na Malikiyya suka fi kira hubusi: mutum ya tsayar da dukiya, ba a sayarwa, ba a gadonta, amfaninta na tafiya inda ya ambata, ko ga jama'a ko ga zuriyarsa. Muna da wasiyya, wadda ke iya kaiwa sulusin dukiya. A littattafan fiƙihu har akwai babin ba mutum gida ya zauna iya tsawon rayuwarsa. Jihohi irin su Sakkwato da Kano suna da hukumomin zakka da waƙafi. Sai dai tunaninmu game da waƙafi ya tsaya ga masallaci da makaranta da rijiya da maƙabarta. Ban ga abin da zai hana attajiri ya sayi gidan kakansa daga hannun sauran magada a kan farashin da ya dace, ya tsayar da shi, ya haɗa masa da shago biyu da kuɗin hayarsu zai riƙa biyan yaɓe duk shekara ba, a kuma bar gwaggo da inna su ƙarasa kwanakinsu a ɗakunansu. Yadda za a tsara shi ya dace da shari'a aikin malamai ne da lauyoyi. Lokacin yin maganar dai shi ne tun dattijon yana zaune a zaurensa.

Abu na biyu da ya tsaya mini a rai shi ne kayan ciki. Bango kaɗai ba ya ba da labari. Abin da ya sa mai ziyara ke fita daga gidan Magoffin yana jin kamar ya san mutanen shi ne tarkacen rayuwarsu da aka adana, har da wasiƙu da hotuna da takardun harka. Dangin ma suna da al'adar rubutu: matar ƙanin James, Susan Shelby Magoffin, ta rubuta abin da ta gani kullum a tafiyar ayarin da ta bi a 1846, kuma rubutun nata ya zama ɗaya daga cikin manyan madogaran masu nazarin wannan hanya. Mu ma gidajenmu ba su rasa irin wannan ba. A cikin adaka da tsofaffin akwatunan ƙarfe akwai wasiƙun fatake da ajami, daga Gwanja, daga Kumasi, daga Fort Lamy, daga Sudan a hanyar Makka. Akwai takardun bashi, da rasiɗin haraji, da lasin sayen gyaɗa, da fasfon hajjin ƙasa. Akwai jeren tasoshi da fantimoti na kaka, da sirdi da likkafa, da ma'aunin awo, da allunan da 'ya'yan gidan suka yi sauka da su. Ranar rabon gado waɗannan su ne "tarkace". Abin da ke da kuɗi a raba, takardu kuwa a bar wa gara, ko mai ƙosai ta naɗe kaya da su. Alhali yaro ɗaya mai waya a hannu zai iya ɗaukar hoton kowace takarda a yini biyu, ya zauna da tsohuwar gidan ya naɗi muryarta tana faɗin wane ne wane.

Sai maganar gyara, inda na ce zan komo. A ƙarni na ashirin mutanen kudu maso yammacin Amurka sun yi kuskuren da muke tsakiyar yi yanzu. Sun gaji da yaɓe duk shekara, siminti kuma ya zo da alkawarin hutu, sai suka bi tsofaffin gine-ginen ƙasa suka yi musu filasta da shi. Shekarun farko abin gwanin sha'awa. Amma bangon ƙasa yana shan danshi daga gindinsa, yana kuma fitar da shi ta jikinsa. Yaɓen laka ko na farar ƙasa yana barin danshin ya fita. Siminti kuwa ba ya bari. Ga shi kuma ba sa miƙewa da takurewa tare idan zafi da sanyi suka sauya, don haka dole filastar ta tsage. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa hanyar fita, ya zauna yana jiƙa tubali a ɓoye. Daga waje bango sumul, ciki kuwa ya zama kunu. Ranar da ɓawon simintin zai ɓalle, sai a tarar rabin kaurin bangon ya zube.

Cocin San Francisco de Asís da ke Ranchos de Taos, a jihar New Mexico mai maƙwabtaka, shi ne misalin da aka fi bayarwa. A shekarun 1960 aka lulluɓe shi da siminti. Kafin ƙarshen shekarun 1970 ɓarnar ta bayyana, aka kankare simintin, aka sake gina inda ya lalace, jama'ar garin kuma suka koma al'adar iyayensu. Duk watan Yuni suna fitowa, maza da mata da yara, su kwaɓa ƙasa da ciyawa su yaɓe cocinsu da hannu. Tsohon cocin Socorro da ke kusa da El Paso shi ma sai da aka yi shekaru ana cire masa siminti ana mai da masa abin da ya dace da shi. Hukumar kula da wuraren tarihi ta Amurka ta fitar da jagora kan gyaran ginin ƙasa tun a shekarun 1970, kuma gargaɗin da ke ciki bai wuce wannan ba: a gyara ƙasa da ƙasa, a kuma kori ruwa daga gindin bango da kan rufi. Ƙasar da ke da kuɗin sayen kowane irin kayan gini ta gwada, ta dawo kan abin da mutanen Djenné a Mali suke yi wa masallacinsu kowace shekara.

A fagen gwaninta kuwa, ba mu ne ɗalibai ba. Tubalin El Paso a cikin akwatin katako ake zuba shi, ya fito mai kusurwa huɗu, a shanya. Rufinsu gungumen itace ne a shimfiɗe, don haka faɗin ɗaki bai wuce tsawon itacen da aka samu ba. Maginin Hausa da hannu yake mulmula tubalinsa, kuma ya warware matsalar gajeren itace tun da daɗewa: ya jera azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, yana ɗora wata kan wata tana turowa gaba, ya lulluɓe da ƙasa, har bakan gizo ya haɗu a sama ya ɗauki rufin babban soro ba ginshiƙi a tsakiya. Ya san makuba daga kwasfar ɗorawa. Ya san laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara, a shafe rufi da shi ruwa ya riƙa zamewa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, kuma masana gine-gine na duniya har yau suna nazarin yadda ya ɗaure rufinsa. A Nijar, Falke Barmu ya gina masallacin Yama a yankin Tawa, wanda ya ci lambar Aga Khan a 1986. Tsohon garin Agadas ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013. Wanda ya ga zanen bangon gidajen Birni a Damagaram, ko zankwayen Tudun Wada a Zariya, ba zai ga abin mamaki a adon gidan Magoffin ba. Abin da suka fi mu shi ne riƙo.

Kuma rashin riƙon yana da tsada. A watan Agustan 2023 wani ɓangare na masallacin nan na Zariya ya rufta ana cikin salla, aka yi asarar rayuka. A watan Satumban 2024 tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na sha tara ya rushe bayan ruwa mai yawa. Badalar Kano kuwa kowa na ganin yadda take ƙarewa, wani wuri ruwa ya ci, wani wuri an ɗebe ƙasar, wani wuri an yi gini a kai. Idan wuraren da ke da sarki da hukuma a kansu suna fuskantar haka, ina ga gidan wani Alhaji a lungu?

Adalci ne a faɗi inda kwatancen ya gaza. Ruwan da ke sauka a El Paso a shekara bai kai milimita 250 ba. Na Kano ya ninka wannan sau uku ko fiye, kuma yana zubowa ne cikin 'yan watanni, da iska mai dukan bangon gabas. Gidan ƙasa a Zariya yana bukatar ido fiye da na Teksas nesa ba kusa ba, ko da yake Agadas ta fi El Paso bushewa. Ga kuma sabuwar matsala da kakanninmu ba su sani ba: an cike kududdufan da ruwan unguwa ke gangarawa, an ɗaga titi ya fi daɓen gida tsawo, maƙwabci ya yi bene ya juyo da bututun ruwansa jikin katangarka. Wannan ba yaɓe ke maganinsa ba, magudana ce, kuma aikin unguwa ne gaba ɗaya. Haka nan jihar Teksas tana da kuɗin biyan ma'aikata na dindindin, abin da ƙaramar hukuma a wurinmu ba lalle ta iya ba.

El Paso ɗin ma ba ta tsira daga rusau ba. Gidan da aka ceta na magajin gari ne kuma mai banki. Talakawa 'yan asalin Meksiko, waɗanda su ne suka gaji sana'ar kwaɓa ƙasa a yankin, gidajensu da yawa sun tafi ba wanda ya rubuta sunansu. Ko a 'yan shekarun nan sai da mazauna tsohuwar unguwar Duranguito da masu kishin tarihi suka yi shekaru suna shari'a da zanga-zanga don hana rushe ta a gina babban zauren wasanni, kafin majalisar birnin ta janye shirin a 2023. Wato su ma koyo suke, kuma gardamar da suke yi ita ce tamu: tarihin wa ya cancanci a adana?

Tambayar ta shafe mu ƙwarai. Gidajen da muka adana kusan duk na masu mulki ne. Gidan Makama a Kano na sarauta ne. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, na jami'in mulkin mallaka ne. Gidan Sardauna a Kaduna da gidan Malam Aminu Kano na Mambayya sun zama cibiyoyin bincike a ƙarƙashin jami'o'i, kuma madalla da hakan. A Agadas ana nuna wa baƙi gidan da Heinrich Barth ya sauka a 1850. Amma ƙasar Hausa ba sarakuna da 'yan siyasa kaɗai suka gina ta ba. Ina gidan madugun da ya kai ayarin goro Gwanja ya dawo? Ina gidan fatoma mai saukar da baƙi, da rumfunan ajiyar kayansu da turken jakunansu? Ina gidan marini, ko na malamin zaure, ko na tsohuwar da ta aurar da 'ya'ya goma da kuɗin ƙuli-ƙuli? Yaron da aka haifa a gidan haya mai ɗaki biyu a yau bai san mene ne shigifa ba, bai san dalilin da ya sa baƙo ke tsayawa a zaure, ko yadda aka karkata ƙofofi don kada na waje ya hango cikin gida ba. Tsarin gidan nan shi ne tarbiyyarmu a gine, kuma ba a fahimtarsa daga hoto. Sai an taka da ƙafa, an sunkuya an shiga.

Garuruwan bakin iyaka su ne suka fi dacewa da irin wannan aiki, don labarinsu ya fi kowanne saurin ɓacewa. Layin da Ingila da Faransa suka ja tsakanin 1898 da 1906 ya ratsa ta tsakiyar dangi da gonaki da hanyoyin kasuwa. Maraɗi kanta zuriyar sarakunan Katsina ne suka kafa ta bayan jihadi. A Ƙonni, da Illela, da Maigatari, da Magarya, da Daura, akwai gidajen da kaka ta fito daga wancan gefe, aka yi wa 'ya'ya karatu wasu da Faransanci wasu da Turanci, ake lissafi da sefa da naira a faifai ɗaya. Gida ɗaya irin wannan, da kayansa da takardunsa da muryar tsofaffinsa, zai koya wa ɗalibin sakandare abin da iyaka ta yi wa mutane fiye da babi guda na littafin tarihi. Ba kuma sai an jira baƙi daga Turai ba. Yawancin masu shiga gidan Magoffin mutanen ƙasar ne, da 'yan makaranta da ake kawowa a mota. Mu ma 'yan makarantarmu sun isa su cika zaure kowane mako, kuma ɗan abin da za su biya a ƙofa zai rage kuɗin yaɓe.

Saura hannun da zai yi aikin. Sarautar Sarkin Magina tana nan a masarautu da dama, amma 'ya'yan magina sun koma ɗora bulo, don nan ne abinci yake, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Gwanin da ya iya ɗaure bakan gizo yau yawanci dattijo ne, masu haɗa laso kuma sun ragu tare da marinar da ke ba su katsi. Sana'a ba ta rayuwa da yabo, sai da aiki mai biya. Aikin da Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka kammala a Dandaji ta Nijar a 2018 ya nuna hanya: sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse da inji, kuma magina na gargajiya suna cikin waɗanda suka yi aikin. Gidaje goma da aka tsayar a gari ɗaya, kowanne da kuɗin gyaransa na shekara, sun isa su riƙe gwani ɗaya da yaransa huɗu ko biyar cikin aiki daga kaka zuwa bazara. Sassan koyar da zanen gine-gine a jami'o'in Zariya da Kano kuma za su sami inda ɗalibansu za su cire takalmi su shiga cikin kwaɓi, su koya daga bakin mai sana'ar yadda ake gane ƙasar da ta yi kwanan da ya isa a ɗora ta a bango.